Gawar da Ake Nunawa da Gawar da Ake Ƙirgawa: Masu Fafutukar Rage Kisa da Bindiga a Amurka

Titi ɗaya ne ya raba ginin Majalisar Dokokin Amurka da na Kotun Ƙoli a birnin Washington. Ranar 23 ga Yunin 2022, da hantsi, alƙalai shida cikin tara suka soke wata dokar jihar New York da ta haura shekara 100, wadda ta ce duk mai son yawo da ƙaramar bindiga a jikinsa sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisi. Da daren ranar kuma, a tsallaken titin, sanatoci 65 suka amince da ƙudurin taƙaita mallakar bindiga mafi girma da majalisar ta yi cikin kusan shekara 30. Bayan kwana biyu Shugaba Joe Biden ya sa masa hannu. A yini guda aka ƙara wa taga sakata, aka kuma cire ƙyauren zaure. Haka aikin masu wannan fafutuka yake a Amurka, kuma haka ya daɗe.

Idan ka duba jagororinta, da wuya ka ga wanda ya shige ta don sha'awa. Rashi ne ya jefa su. James Brady kakakin Shugaba Ronald Reagan ne. Ranar 30 ga Maris 1981 wani matashi ya buɗe wa Reagan wuta a bakin wani otal, harsashi ɗaya ya samu Brady a ka, ya yi sauran rayuwarsa a keken guragu. Shi da matarsa Sarah suka yi ta zarya a majalisa har 1993, da aka samu dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta wajabta wa dillalan bindiga masu lasisi su binciki tarihin mai saye. Gabby Giffords 'yar majalisar wakilai ce daga Arizona. A Janairun 2011 tana ganawa da mutanen mazaɓarta a bakin wani kanti a Tucson aka harbe ta a ka, mutum shida suka mutu. Ta rayu, amma sai da ta sake koyon magana, har yau kuma kalmomi kan yi mata gardama. Ita da mijinta Mark Kelly, tsohon ɗan sama-jannati wanda yanzu sanata ne, suna da bindiga a gidansu, ba sa ɓoyewa. Lucy McBath kuwa ma'aikaciyar jirgin sama ce. A Nuwamban 2012 wani mutum ya harbe ɗanta Jordan mai shekara 17 a gidan mai a Florida, a kan gardamar ƙarar kiɗa a mota. Bayan shekara shida ta ci kujerar majalisar wakilai a Georgia.

Sanata zai iya yi wa ƙididdiga musu, amma ba zai kalli uwar da ta binne ɗanta ya ce ba ta san abin da take faɗa ba. Ƙarfin tafiyar ke nan. Sai dai a ganina rauninta ma daga nan ya ɓullo, kuma za mu zo wurin.

Tukuna, katangar da suke karo da ita. Gyara na biyu ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya ambaci 'yancin jama'a na mallakar makami. An daɗe ana jayayya ko maganar ta shafi rundunar sa-kai ce ko kowane mutum a kan kansa, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama da rinjayen alƙali ɗaya tal cewa haƙƙin mutum ne. Hukuncin 2022 ya ƙara gaba: duk dokar bindiga ta yau sai an nuna tana da 'yar'uwa a tarihin ƙasar. Alƙali ya koma malamin tarihi ke nan. Ana kawo masa maganar bindigar da ke ɗaukar harsashi 30, shi kuma yana laluben abin da aka yi a zamanin da bindigar kowa harba-ka-ruga ce, irin ta mafarautanmu da ake ɗura wa albarushi ta baki.

Ga kuma Majalisar Dattawa. Kowace jiha sanata biyu gare ta, ko Wyoming ce mai mutum ƙasa da dubu 600, ko California mai kusan miliyan 39, kuma yawancin ƙudurori sai sun sami ƙuri'a 60 cikin 100 kafin su wuce. An ga aikin wannan ƙa'ida bayan abin da ya faru a makarantar firamare ta Sandy Hook a Connecticut ranar 14 ga Disamban 2012, inda aka kashe yara 20 'yan shekara shida zuwa bakwai da ma'aikata shida. Bayan wata huɗu aka kawo ƙuduri mai sauƙi, na faɗaɗa binciken mai saye zuwa kasuwannin baje-kolin bindiga da cinikin intanet. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna kusan tara cikin goma na Amurkawa suna so. Sanatoci 54 suka ce e, 46 suka ce a'a, ƙudurin ya faɗi, wasu iyayen yaran suna zaune suna kallo.

Ana yawan ɗora komai a kan ƙungiyar masu bindiga ta NRA, kuma lallai tana da kaso mai tsoka. An kafa ta a 1871 don koyar da iya harbi, sai a taronta na Cincinnati a 1977 masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace ragama, ta zama injin siyasa. A 1996 ta sa aka cusa wata jimla a kasafin kuɗi da ta firgita hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC, binciken kisa da bindiga ya kusa tsayawa cak fiye da shekara 20. A 2005 aka yi dokar da ta kare kamfanonin bindiga daga yawancin ƙararraki. Amma kuɗi ba shi ne asirinta ba. Asirinta mutanen da ke zaɓe a kan batu ɗaya tak, ba sa mantawa, ba sa yafewa. Kuma ba mahaukata ba ne. Manomin da ofishin 'yan sanda ya yi wa nisan rabin awa a mota yana da dalilinsa. Mako guda bayan Sandy Hook, jagoran ƙungiyar na lokacin, Wayne LaPierre, ya ce abin da ke tsayar da mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu: a makon da Biden ya sa hannu a dokarsa, gwamnatin Zamfara ta sanar da jama'arta su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga. Duk inda mutum ya fid da rai hukuma za ta iso da wuri, hannunsa makami yake nema. Sai dai an gwada maganar LaPierre a Uvalde ta jihar Texas a Mayun 2022. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a makarantar, suka yi minti 77 kafin su kutsa ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai biyu suka mutu.

Faɗuwar ƙudurin 2013 ta koya wa masu fafutuka cewa hawaye a Washington ba ya sayen ƙuri'a, sai suka sauya hanya. Shannon Watts, uwar 'ya'ya biyar a Indiana, ta buɗe shafi a Facebook washegarin Sandy Hook, shafin ya zama ƙungiyar Moms Demand Action. Dabararta ita ce kwaikwayon NRA: duk zaman da majalisar jiha za ta yi a kan bindiga, sai a tarar da mata cikin jajayen riguna sun cika kujeru. A 2014 attajirin nan Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ya yi alƙawarin dala miliyan 50 don kafa Everytown for Gun Safety. Kuɗin sun yi aiki, sun kuma ba abokan hamayya sandar duka, don ba abin da ya fi sauƙin tallatawa a karkara kamar cewa wani mai kuɗin birni da ke yawo da masu gadi yana so ya karɓe maka bindigarka. Wasu iyalan Sandy Hook kuma kotu suka nufa. Tunda doka ta hana a kama kamfani da laifin abin da aka yi da bindigarsa, sai suka kama Remington, kamfanin da ya ƙera bindigar maharin, ta wajen talla, suka ce ya tallata bindigar da salon da ke zuga samari masu neman nuna mazantaka. A 2022 kamfanonin inshorarsa suka yarda su biya dala miliyan 73. A shekarar ne kuma kotuna suka ɗora wa mai shirin rediyo Alex Jones diyyar fiye da dala biliyan ɗaya, saboda shekarun da ya yi yana cewa kisan yaran shiri ne, har mabiyansa suka riƙa bin iyayen da barazana.

Ɗaliban Parkland sun zo da nasu salon. Ranar 14 ga Fabrairun 2018 aka kashe mutum 17 a makarantarsu ta sakandare a Florida. Yaran sun san kyamara, sun san waya, ba su jira manya ba. Cikin kusan mako uku gwamnan jihar, Rick Scott, ɗan Republican da NRA ke yabo, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ta kuma ba alƙali ikon karɓe makami na wani lokaci daga hannun wanda aka ga alamun zai cuci kansa ko wani. Yanzu jihohi sama da 20 suna da irin wannan doka. A daidai wannan lokaci jihohi 29 sun yarda mutum ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba. Ƙasar ba gaba ɗaya take tafiya ba, rabewa take yi gida biyu.

Su kuwa taurari, amfaninsu na ɗan lokaci ne, amma yana nan. Daren Uvalde, kocin ƙwallon kwando Steve Kerr, wanda aka harbe mahaifinsa a Beirut a 1984, ya ƙi yin maganar wasa, ya bugi tebur yana tambayar yaushe za a yi wani abu. Bayan mako biyu ɗan fim Matthew McConaughey, haifaffen Uvalde kuma mai bindiga, ya tsaya a Fadar White House ya nuna wasu koren takalma irin na wata yarinya 'yar shekara 10, ya ce da su kaɗai aka gane gawarta. Mutum irinsa yana ba sanatan Texas inuwar fakewa. Duk da haka, da Sanata John Cornyn na Texas, wanda ya jagoranci 'yan Republican a tattaunawar dokar Yunin 2022, ya hau dandamalin taron jam'iyyarsa a jiharsa, ihu aka yi masa.

To, ga inda nake son mu tsaya. Duk sunayen nan da na jero, in ka cire na McBath, daga harin da ya ja hankalin duniya suka fito: makaranta, shugaban ƙasa, 'yar majalisa. Alƙaluman CDC kuwa wani labarin suke bayarwa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Daga ciki 26,328, wato sama da rabi, su suka kashe kansu. Kisan kai 20,958 ne, kuma fiye da rabin waɗanda aka kashe baƙaƙen fata ne, alhali ba su wuce kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Harbin kan mai uwa da wabi, wanda shi muke gani a BBC da CNN, ko da ma'auni mafi faɗi aka auna bai kai kashi biyu cikin 100 ba. Doguwar bindigar da ake ta muhawarar haramtawa ma ba ita ce ta fi ɗauke rayuka ba, ƙaramar da ake sokewa a ƙugu ce. Gawar da ake nunawa daban, gawar da ake ƙirgawa daban. Shekara da shekaru kuɗi da dokoki da lokacin talabijin suna bin ta farko.

Masu unguwannin sun daɗe suna faɗar haka. Bayan Sandy Hook, Fasto Michael McBride na California ya je Fadar White House ta Obama yana neman a ware dala miliyan 500 cikin shekara biyar don shirye-shiryen rage kisa a birane. Bai samu ba. A gangamin ɗaliban Parkland na 24 ga Maris 2018, wata yarinya 'yar shekara 11, Naomi Wadler, ta karɓi makirufo ta ce ta zo ne a madadin 'yan mata baƙaƙen fata da labarinsu ba ya shiga shafin farko na jarida. Ɗaliban sun cancanci yabo da suka ba ta dandamalin. Amma sai da yaran unguwar masu hali suka buɗe ƙofa kafin a saurare ta.

Abin da McBride ya je nema ba tatsuniya ba ne, an gwada shi a Boston a 1996. Wani mai bincike, David Kennedy, ya zauna da 'yan sandan da ke aiki a lungu ya tambaye su: wa ke kashe wa? Aka ƙirga, sai ga shi samari kusan 1,300 a ƙungiyoyin daba 61 su ne ke da hannu a akalla kashi 60 cikin 100 na kisan matasa a birnin. Ba unguwar ce ta lalace ba, 'yan tsiraru ne ke ramuwar gayya a junansu. Sai aka riƙa kiran su ɗaki guda. Ga ɗan sanda da mai gabatar da ƙara suna cewa mun san ku da sunayenku, harbi na gaba dukan ƙungiyarku za ta ɗanɗana. Ga fastocin unguwa da iyaye mata da suka binne 'ya'ya suna cewa ba ma so mu binne ku. Ga kuma mai tayin aikin yi da komawa makaranta. Kisan matasa ya ragu da kusan kashi 63 cikin 100. Da aka saki shirin bayan 'yan shekaru, kisan ya sake ɗagawa.

A Chicago kuma wani likita ne ya zo da wata fahimtar, kuma daga Afirka ya taho da ita. Gary Slutkin ya yi shekaru yana yaƙi da tarin fuka da kwalara a Somaliya, sannan da ƙanjamau a Uganda da wasu ƙasashe ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da ya koma gida ya kalli taswirar harbe-harbe, sai ya ga kamannin taswirar annoba: harbi ɗaya yana haifar da wani, kamar yadda mai kwalara ke harbin maƙwabcinsa. Maganin annoba kuwa shi ne a katse yaɗuwa. A shekarar 2000 ya fara shirin da yanzu ake kira Cure Violence, yana ɗaukar tsofaffin 'yan daba da waɗanda suka fito daga gidan yari a matsayin masu shiga tsakani. Idan an harbi wani, kafin a gama ɗinki a asibiti sun isa wurin abokansa. Ba wa'azi suke yi ba. Aikinsu su ja lokaci: su zauna da mai fushi a mota, su kai shi cin abinci, su samo masa hanyar janyewa ba tare da an ce masa matsoraci ba. Ba sa kai rahoto ga 'yan sanda, don ranar da aka zarge su da haka aikinsu ya ƙare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yaron da ke riƙe da bindiga ba ya jin maganar wanda bai taɓa riƙe ta ba.

Kada a zaci wannan laya ce. Binciken da aka yi wa tsarin Slutkin ya nuna ragi mai kyau a wasu unguwanni, a wasu kuma babu wani sauyi. Tsarin Boston ya fi shi hujja mai ƙarfi, amma yana buƙatar 'yan sanda da jama'a su amince da juna, abin da ya yi ƙaranci a unguwannin da suka fi buƙatarsa. Babbar matsalar dai ita ce nasarar ba ta da hoto. Harbin da aka hana ba shi da suna, ba shi da uwar da za ta tsaya gaban majalisa.

Wanda ya fi wannan rashin mai magana shi ne mutum ya kashe kansa. Yawancin masu yin sa da bindiga farar fata ne maza, da yawansu dattawa ne a karkara, wato ainihin mutanen da ke ganin masu jajayen riguna a matsayin abokan gaba. Likitoci sun san cewa tunanin yakan zo ne kamar guguwa ya wuce, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Amma bindiga ba ta ba da damar nadama, kusan tara cikin goma na masu gwadawa da ita suna mutuwa. A 2009 a jihar New Hampshire, wani mai kantin bindiga ya sami labarin cewa mutum uku sun sayi makami a wurinsa cikin ƙasa da mako guda, kowannensu ya kashe kansa bayan 'yan sa'o'i. Shi da masana lafiya suka haɗa kai suka fara koya wa masu kantuna gane mai sayen da ke cikin damuwa, da shawartar iyali su ajiye bindiga a wajen gida har hankali ya dawo. Shirin ya bazu zuwa jihohi da dama. Babu zanga-zanga a ciki, babu sanata, kuma ba a ce wa kowa ya rabu da haƙƙinsa ba.

Dokar Yunin 2022 ita ce wurin da bangarorin biyu suka haɗu a takarda. Ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta mai da safarar bindiga laifin tarayya, ta kuma ware dala miliyan 250 don masu shiga tsakani a unguwanni, rabin abin da McBride ya roƙa kusan shekara goma kafin nan. A Satumban 2023 aka buɗe ofishi na musamman a Fadar White House kan wannan batu. Kisan kai, wanda ya yi tsallen kusan kashi 30 cikin 100 a 2020, ya sauka sosai a 2023 da 2024. Dalilan suna da yawa, har da wucewar korona, kuma duk wanda ya ce shi kaɗai ya jawo ragin ya yi ƙari. Amma a Baltimore, inda aka yi shekara takwas a jere ana kashe sama da mutum 300, adadin ya dawo kusan 200 a 2024, bayan magajin gari Brandon Scott ya haɗa tsarin Boston da na masu shiga tsakani. Ba a banza aka samu ba: ma'aikatan Safe Streets, shirin masu shiga tsakani na birnin, uku aka harbe cikin kimanin shekara guda, na farkonsu Dante Barksdale a Janairun 2021, wanda ya yi fiye da shekara goma yana raba faɗa a titunan birnin.

Da Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025, ofishin Fadar White House ya rufe. Bayan wata uku Ma'aikatar Shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi na ɗaruruwan miliyoyin daloli, cikinsu har da na ƙungiyoyin unguwanni da ke tsakiyar aiki, wasu suka fara sallamar ma'aikata. Ƙungiyar Giffords da Everytown suna da masu ba su gudummawa, za su ci gaba da zuwa kotu da majalisa. Tsohon ɗan dabar da ke tsayuwa a ƙofar asibiti ƙarfe biyun dare kuwa, albashinsa daga tallafin nan yake fitowa. Wasiƙun soke tallafin sun iso ne a watan Afrilu, saura 'yan makonni a shiga zafin bazara, lokacin da harbi ya fi yawa a biranen Amurka.